Daga Timia zuwa Zanzibar: nisan takarda da nisan ƙafa

Takardar gayyata ta iske mu ne a rumfarmu ta Kasuwar Dole, daidai lokacin da lemon Abzin ya fara shigowa Damagaram. Wani taron ƙungiyoyin manoma za a yi a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, a kan busar da amfanin gona da adana shi, kuma ana son mutum biyu daga ƙungiyarmu: ɗan kasuwa ɗaya, manomi ɗaya. Ni aka ɗora wa na ƴan kasuwa, saboda ban da Faransanci ina ɗan taɓa Turanci. Zancen manomi kuwa ko gardama ba a yi ba. Kowa ya ce sai Madugu, dattijon nan na Timia, wani gari a cikin duwatsun Abzin, da muka daɗe muna sayen lemo da rumman da tafarnuwa a hannunsa. Mutum irinsa ba a aika masa saƙo a ce ya taho. Tashi ake yi a je har gida.

Kafin in kama hanya na biya wurin ƙanena da ke koyar da labarin ƙasa, na ce ya faɗa mini tsakani da Allah ina ne wurin nan, kuma mene ne nisansa. Ya ɗauko ƙwallon taswirar duniya da yake koyar da yara da shi, ya ce, "Yaya, ɗora yatsanka nan." Ya nuna mini Timia a wajen digiri 18 arewa da layin Ikwaita, Zanzibar kuma digiri 6 kudu da shi, sannan tana gabas da mu da kusan digiri 30. Ya ce layin da mutum zai ja da rula a kan takarda yana iya ruɗinsa, tunda duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Kamar ka kife ƙwarya ne, ka ja zare tsakanin wurare biyu a bayanta har ya miƙe. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa. Zarensa ya tashi daga duwatsun Abzin, ya bi ta gefen Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi da Afirka ta Tsakiya, ya tsallake Yuganda da Tafkin Biktoriya, ya faɗa teku. Lissafin ya ba da kusan kilomita 4,300. Jirgin fasinja yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa, wato da akwai jirgin da zai bi zaren nan, tafiyar awa biyar ce da ƴar ɗoriya. Wanda ya karya kumallo a Timia zai yi sallar la'asar a bakin teku.

Babu wannan jirgin. Abin da ke akwai shi ne hanyar da zan ba da labari.

Wanda bai taɓa hawa Abzin ba yana ɗauka arewa duk rairayi ce. Timia tana kwance ne a tsakanin baƙaƙen duwatsu, a gefen wani kori mai faɗi, kuma abin da ido ke fara cin karo da shi bayan doguwar tafiya cikin dutse shi ne kore. Dabino a sama, lemo da rumman a ƙarƙashinsa, alkama da albasa da tumatir a ƙasa. Na kwana a lambun Madugu, da asuba ƙarar gwangwanin rijiya ta tashe ni: raƙumi yana jan igiya yana tafiya yana dawowa, guga na fitowa yana juye ruwa a wani kwararo na itace, ruwan na bin ƙananan hanyoyi daga fage zuwa fage, yaro na biye da shi da fartanya yana buɗe wannan yana toshe wancan. Wasu lambunan sun koma injin ban ruwa, amma shi ya ce mai yana tsada, raƙumi kuwa abin da lambun ya fitar yake ci. Sanyin hunturu a can ba irin namu ba ne. Ruwan alwala sai an ɗora shi a wuta.

Da na gama yi masa bayani, ya daɗe yana juya shayi bai ce kome ba. Sannan ya tambaye ni kwana nawa ne a raƙumi. Na ce shi zai faɗa mini abin da ayari ke ci a yini. Ya ce in raƙuma na da ƙarfi, kuma an tashi da wuri an kai dare, wajen kilomita 40. Muka buga lissafi a ƙasa: sama da wata uku, ba hutu, ba kogi, ba teku. Ya gyara rawaninsa ya ce, "To, ɗana, ba nesa ba ne. Kakanninku sun je Makka da ƙafa."

Ba fahariya yake yi ba. Mutanen Timia ƴan ayarin gishiri ne tun kaka da kakanni. A wajen watan Oktoba suke tashi, su ratsa Tenere zuwa Fachi da Balma, su ɗauko kantu da dabino, su dawo gida su huta, sannan su gangara kudu, Damargu da Damagaram har ƙasar Kano, su musanya da gero. Shi kansa ya ja ayari shekaru masu yawa kafin gwiwa ta zaunar da shi a lambu. Hausarsa ma a wannan hanyar ya same ta.

Daga Timia zuwa Agadas wajen kilomita 220 ne, kuma a duk tafiyar nan tamu, har zuwa bakin tekun Indiya, babu yankin da ya kai wannan wuya. Babu kwalta. Mota mai ƙafa huɗu ce, an loda mata buhunan albasa da kwandunan lemo, mu kuma a kai. Wani wuri ta hau dutse tana nishi, wani wuri ta gangara cikin kori ta nutse a yashi, sai kowa ya sauka a tura. Mun biyo ta Elmeki. Abin da jirgi zai shafe cikin minti 15 ya cinye mana yini. Ni dai abin da ya fi ci mini rai shi ne lemon da ke ƙarƙashina. Ina jin yadda kowane rami ke matse shi, kuma na san da idona abin da muke zubarwa a Kasuwar Dole duk lokacin da kaya suka iso. Manomi ya yi wata da watanni yana ban ruwa, hanya ta cinye rabonsa a yini guda.

A Agadas muka yi sallah a babban masallacin nan mai hasumiyar ƙasa, mai tsawon mita 27, wanda tsohon garin da yake ciki ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Daga nan sai kudu, kilomita wajen 450 ta Adarbisanat da Tanut, muka wuce matatar mai da aka buɗe a 2011, muka shigo gida. Wannan hanya wani yanki ce na babbar hanyar da ta ratsa Sahara daga Aljas zuwa Legas. Wani wurin kwalta ce lafiyayya, wani wurin direba ya gwammace ya sauka gefe ya bi turɓaya. Ga shingayen jami'an tsaro, kowanne sai an sauka an nuna katin ɗan ƙasa. Ban ga laifin wannan ba, yanayin da ake ciki ne ya kawo shi, amma shi ma lokaci ne, kuma zaren ƙanena bai san da shi ba.

A Damagaram Madugu ya sauka a gidanmu da ke Birni, aka yi masa allurar shawara aka ba shi katin nan mai ruwan ɗorawa, wanda in babu shi ba za a bar mutumin da ya fito daga ƙasashenmu ya shiga Tanzaniya ba. Mahaifiyata ta haɗa mana guzuri, alkaki da kilishi da dakakken gero. Shi kuma cukunsa na nan a jakar fata, da butar shayi da ba ya rabuwa da ita.

Daga nan ne tafiyar ta juya mana baya. Zanzibar tana gabas, mu kuma muka fuskanci yamma, domin tikitinmu daga Yamai aka yanke shi. Kilomita kusan 900: Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Galmi da tulin albasarta a bakin hanya, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Motar kan tashi tun kafin asuba, ta isa bayan isha'i. Ba zan tsaya a kan wannan hanya ba, duk ɗan Damagaram ya san ta da bayansa da ƙugunsa. Abin da zan faɗa shi ne maganar da Madugu ya yi mini bayan mun wuce Ƙonni, rana tana dukan gilashin gaba. Ya ce ya lura tun safe inuwarmu ke nuna masa muna gudun wurin da za mu. Na ce haka tsarin yake, sai an je babban birni. Ya ce, "Mu ma mukan yi kewaye. Mukan je gabas neman gishiri alhali geron da muke so yana kudu. Amma kewayenmu kowace ƙafa da ribarta. Wannan fa, me za mu ɗauko a Yamai?" Ban sami amsar da zan ba shi ba, domin jirgi kawai za mu ɗauko.

A filin jirgin sama na Diori Hamani aka auna kaya, aka buga mana hatimi. An nemi ya sassauta rawaninsa don a ga fuskarsa ta dace da hoton fasfo, abin da ba ƙaramin abu ba ne ga dattijon Abzinawa. Jami'in ya yi masa da ladabi, ya ja shi gefe, ya kira shi Baba. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Na ba shi kujerar taga. Lokacin da jirgin ya ɗaga bai kama kome ba, bai rufe ido ba, leɓunansa kawai ke motsi. Da muka daidaita a sama, wajen mita dubu goma da wani abu, na kunna ƴar talabijin ɗin da ke bayan kujerar gabana, na nemo taswirar da ke nuna inda jirgi yake. Bayan kamar awa guda sai ga sunayen da na sani suna fitowa: Maraɗi ta wuce, Kano a dama, Damagaram a hagu. Wato wahalar yini guda cur a mota, jirgin ya warware ta kafin a gama raba abinci, kuma sai a lokacin ne muka dawo daidai inda muka tashi. Na nuna masa. Ya ce in tambayi ma'aikaciyar jirgin ko ana iya ganin garin. Hazon hunturu ya rufe ƙasa, ba a ganin kome sai ja-ja. Na gaya masa tafiyar ayarinsa ta yini guda, nan minti uku ce. Ya ce, "Amma ba su san rijiya ko ɗaya ba a hanyar."

Tsakanin Yamai da Adis Ababa kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, kusan daidai da nisan Damagaram da Zanzibar kanta. Jirgi ma ba ya bin miƙaƙƙen layi yadda mutane ke zato. Akwai hanyoyi a sama da aka shata, akwai iska da ke tura shi ko ta tare shi, akwai kuma ƙasashen da ake kauce wa samaniyarsu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, jirage da yawa kewaye ta suke yi. Wannan ya tsaya mini a rai, domin ta Sudan ɗin nan ce alhazanmu na da suka bi da ƙafa, wasu suka yi shekaru suna noma a hanya don neman guzuri, wasu suka zauna can har jikokinsu na jin Hausa a bakin kogin Nilu. Ƙasar da ta saukar da baƙinmu, yau ko ta samanta ana tsoron bi.

Adis Ababa ta tarbe mu da sanyi. Birnin yana gindin dutsen Entoto, kuma filin jirginsa na Bole yana sama da mita 2,300 daga matakin teku. Na gaya wa Madugu cewa inda muke tsaye ya fi ƙololuwar Bagzan tsawo, wadda ita ce mafi tsawo a Nijar da mita 2,022. Ya ce tun kafin in faɗa ƙirjinsa ya gaya masa, domin numfashin irin na kan dutse ne. Iskar wuri mai tudu ba ta da kauri, shi ya sa jirgi kan buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga a can. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. Muka nemi ɗakin sallah muka rama abin da ke kanmu, muka yi kasaru. A zauren jira na ji Hausa ta ko'ina: ƴan kasuwar Kano masu zuwa Dubai da Sin, masu Umara, wata hajiya ƴar Maraɗi da za ta Indiya neman magani. Duk wanda zai je wani wuri daga ƙasashenmu, sai ka ga ya biyo ta kan dutsen nan na Habasha. Sun yi aiki, sun riƙe kamfaninsu na jiragen sama tun 1945 bai faɗi ba, hakkinsu ne a faɗa.

Ƙafar ƙarshe, kusan kilomita 1,700, kudu sak. Wannan karon gari ya waye kuma babu hazo. Muka ga ƙasa tana sauya launi daga tuddan Habasha zuwa busasshiyar ƙasar arewacin Kenya. Wani wuri a nan muka tsallake Ikwaita ba tare da wata alama ba. Can sai mutanen ɓangaren dama suka fara leƙe, matuƙin jirgi ya yi magana: Kilimanjaro. Mita 5,895, kansa ya huda gajimare, da ɗan fari a samansa. Madugu, mutumin da aka haifa cikin duwatsu, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko akwai masu lambu a gindinsa. Na ce akwai, ayaba da kofi suke nomawa, ruwan dutsen ke shayar da su. Ya ce ya san za a rina, dutse ba ya rasa ruwa.

Sai teku. Ni kaina ban taɓa ganin ruwa mai launi biyu ba sai ranar: shuɗi mai duhu a zurfi, kore mai haske a kewayen tsibirin, da ƙananan jiragen ruwa masu filafilai fari. Muka sauka a filin jirgi na Abeid Amani Karume. Ana buɗe ƙofa zafi mai laima ya rufe mu, domin lokacin da muke ɗari su bazararsu ce. Madugu ya baro gida da bargo, ga shi rigarsa ta jiƙe kafin mu kai wurin hatimi. Motoci kuma ta hagu suke bi, sai da na riƙe masa hannu a tsallaken farko.

Zanzibar ba tsibiri ɗaya ba ne. Babban shi ne Unguja, inda muka sauka, sai Pemba a arewa. Sun haɗe da Tanganyika a ranar 26 ga Afrilu 1964 aka sami Tanzaniya, amma har yau suna da shugabansu da majalisarsu. Galibin mutanen Musulmi ne. Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2000, lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, gidaje na dutsen teku, ƙofofi na katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Ɗan Birni ba zai ji baƙunta sosai ba: a nan ma, kamar a gidajenmu masu zanen bango, ƙofar gida ce ke faɗin matsayin mai gidan. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa nan daga Maskat a ƙarni na 19, kuma arzikin garin a kan abu uku ya tsaya: kanumfari, hauren giwa, da bayi. Mun je inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a wurin. Mun shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa, mutum ba ya iya miƙewa sosai. Mun fito ba mai magana. Ban iya kallon wurin a matsayin laifin wasu can nesa ba. Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun ita ma zango ce ta fataucin Sahara, kuma ba fata da gashin jimina kaɗai ayarin Tarabulus ke ɗauka ba. Madugu ma ya sani, ya fi ni sani.

Abin da ya tabbatar wa Madugu cewa ya yi nisa ba teku ba ne. Da magariba muka shiga masallaci, ya tsaya zai fuskanci inda jikinsa ya saba, sai ya ga sahu ya juya wani wajen. A Zanzibar alƙibla arewa take, kusan sak, domin tsibirin da Makka suna kan layi ɗaya daga kudu zuwa arewa. Ya bi sahu. Bayan isha'i ya ce in raka shi bakin ruwa inda babu fitilu da yawa. Ya juya arewa yana neman tauraruwar nan da ba ta motsi, wadda ya yi shekaru yana ajiye ta a kafaɗarsa ta hagu in ayari ya nufi Balma. A Timia tana tsaye sama da duwatsu, ya ce in ya gangaro Damagaram takan ɗan sauko, a Kano ta ƙara saukowa, da haka yake sanin yawan kudun da ya yi. Ya nema bai gan ta ba. Na tuna bayanin ƙanena, na ce masa tsayinta a sama daidai yake da nisan mutum daga Ikwaita, kowane digiri kusan kilomita 111 ne, kuma wanda ya tsallaka kudu da layin, ta faɗa masa ƙarƙashin ƙasa. Ya ce, "Yanzu na yarda. Lissafin ɗan'uwanka gaskiya ne." Sannan ya tambayi wani mai jirgin ruwa, ta bakina, da me su suke tafiya. Mutumin ya nuna masa taurarin kudu, ya kuma yi mana bayanin iska: daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, ita ke kawo jirage daga Oman da Indiya, daga baya ta juya ta mayar da su gida. Madugu ya ce ashe su ma da lokacin tashinsu, wanda ya makara ya jira baɗi. Suka daɗe suna hira, ni a tsakiya ina ta fama da Turanci da Hausa.

Taron kansa ya yi amfani. An kai mu gonar kayan ƙamshi, na ga kanumfarin da muke sayarwa a ƙulle-ƙulle yana kan bishiyarsa. Ashe tohon fure ne, ana tsinke shi da hannu kafin ya buɗe, a shanya a tabarma a rana har ya koma baƙi-baƙi. Mafi yawansa daga Pemba yake fitowa. Abin da ya ja hankalin Madugu shi ne akwatin busarwa mai aiki da rana, katako da gilashi da raga, wanda ƙura da ƙuda ba sa shiga. Ya zagaya shi, ya auna da kamu, ya sa na zana masa a takarda. Ya ce tumatir da albasar da hanya ke lalatawa, in an busar da su a lambu, nauyinsu ya ragu, kuma rami ba ya yi musu kome. Shi ma ya ba su nasa: ya yi bayanin yadda suke raba ruwan rijiya ɗaya tsakanin fage da fage, mutane suna rubutawa.

A wurin taron na gane ba mu kaɗai ne muka sha kewayen hanya ba. Wani ɗan Kamaru ya ce sai da ya kwana a hanya. Wata ƴar Senegal ta biyo ta wata ƙasa da ba ta Afirka ba ma. Turawan da suka cika otal-otal na bakin teku kuwa, da yawansu jirgi ɗaya ya ɗauko su daga garuruwansu ya sauke su nan, alhali sun fi mu nisa a taswira. Ba yau aka san matsalar ba. A da muna da kamfanin jiragen sama, Air Afrique, wadda ƙasashenmu har da Nijar suka kafa a 1961, ta durƙushe a 2002. An yi yarjejeniyar Yamusukuro a 1999 don a buɗe samaniyar Afirka ga jiragen Afirka. A watan Janairu na 2018, a Adis Ababa ɗin nan da muka yada zango, Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya. Takardu dai an sa hannu. Amma haraji a kan tikiti yana da yawa, kowace ƙasa tana tsare ƙofarta, fasinja kuma ya yi kaɗan saboda tsada, tsadar kuma ba ta sauka saboda fasinja ya yi kaɗan. Damagaram da ta riƙe babban birnin Nijar har 1926 tana da filin jirgi, Agadas ma tana da nata, amma ɗan kasuwar da zai fita waje bai isa ya dogara da su ba.

A hanyar dawowa na zauna na tara abin da muka taka. Timia zuwa Agadas 220, zuwa Damagaram 450, zuwa Yamai kusan 900, zuwa Adis Ababa 4,000, zuwa Zanzibar 1,700. Kusan kilomita 7,300, a maimakon 4,300. Rarar kilomita 3,000 ke nan, kuma kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar, wanda muka yi a ƙasa, shi ya cinye mafi yawan lokacin da ƙarfin dattijon. Da muka iso Damagaram ƙafafunsa sun kumbura, sai da mahaifiyata ta hana shi wucewa har ya warware.

Shi ya sa da ƙungiyarmu ta zauna jin rahoto, bayan zancen akwatin busarwa, wanda har an ba wani kafinta a Zango aikin gwada na farko, na kawo maganar hanya. Kano tana kudu da mu da wajen kilomita 240 kacal, ta Matamai da Daura, kuma jirgi ya fara sauka a can tun 1925. Daga Kano zuwa Adis Ababa kusan kilomita 3,300 ne. In iyaka a buɗe take kuma takardu sun cika, wanda ya tashi daga Timia ya bi ta nan zai taka wajen kilomita 5,900, ya huta da kusan 1,400, ya kuma huta da yini guda na zaman mota zuwa da wani na dawowa. Masu shirya taro a nesa suna buɗe taswira ne su ga sunan babban birnin ƙasa su yanki tikiti, ba su san Nijar ta kai faɗin da gabashinta ya fi kusa da filin jirgin maƙwabta ba. Muka rubuta musu wasiƙa da waɗannan alƙaluma, muka ce duk wanda za su gayyata daga Damagaram ko Agadas nan gaba, a tambaye shi ta inda zai tashi kafin a yanki tikiti. Shugaban ƙungiya ya sa hannu, Madugu ya dangwala yatsa.